Muttaka Mai Raɗa wa Takarda Suna

Kafin motocin albasa na Aliero su fara shigowa Jega, Malam Muttaka ya riga ya buɗe shagonsa. Ɗan tsukukun shago ne a bayan tasha, tsakanin mai facin taya da mai sayar da buhunan wofi. In ba ka san shi ba sai ka wuce shi sau uku, domin rana ta daɗe da cinye rubutun da ke saman ƙofar. Yakan yayyafa ruwa ya share, sannan ya yaye tsohon zanen atamfar da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya ninke shi a tsanake. Zanen matarsa Aminatu ne, ya ce aro ya yi, yau shekara ashirin ke nan bai mayar ba. Sai ya yi bisimilla ya danna. In akwai wuta, madalla. In babu, ya fita ya lallashi janareta.

Abin da yake fara buɗewa wata 'yar taga ce: farin akwati a sama, jerin sunaye a ƙasa, can a gindi kuma lamba. Sai ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya karanta lambar a bayyane ko da shi kaɗai ne a shagon. Zuwana na ƙarshe ta haura dubu ɗari biyu da goma sha ɗaya. Yawan fayilolin da ke hannunsa ke nan: takardun neman aiki, katin ɗaurin aure, tambayoyin jarrabawa, hotunan fasfo, wasiƙun iyaye zuwa ga 'ya'yan da suka yi nisa. Kowanne da sunansa, kuma shi ya raɗa.

Ƙarshen watan nan zai miƙa makulli ga Hamida, 'yar ƙanensa, ya koma gida. Yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya fara. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ba za a yi masa taro ba, ba wanda zai rataya masa lambar yabo, shi kansa in ka tambaye shi zai ce ai takarda kawai ya buga. Wannan magana tasa ce ta ba ni haushi har na zauna rubuta wannan.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Aliero. Sunana Idris, amma a shagon Muttaka ban taɓa wuce Malam Idi ba. Na fara zuwa wurinsa tun yana kan tafireta. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan, kat-kat-kat, sai 'yar ƙararrawa ta buga, ya tura kan keken ya koma farkon layi. A benci muke zama ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, manoma da malaman allo da matan da suka zo a rubuta musu wasiƙa zuwa Ikko, ana hira ana jiran layi, ba mai sauri. Wani ma sai layi ya zo kansa ya ce a wuce shi, bai gama ba da labari ba. An sare dogon yaron da aka zo faɗaɗa hanya, bencin ya karye, masu wasiƙa sun koma waya. Ina kewar zaman nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Cikin 2003 ya sayo kwamfuta ta hannu daga Sakkwato, kuma tun ranar farko bai yarda da ita ba. A tafireta in ka buga takarda ga ta a hannunka. A nan kuwa sai ta shige ciki, ka neme ta ka rasa. Don haka ya sayi babban littafi mai bangon kwali, duk abin da ya adana sai ya rubuta sunansa da inda ya sa shi. Littafi ya zama biyu, ya zama tara. In ka zo neman tsohuwar takarda sai ka ga ya tsuguna yana lasar yatsa yana buɗe shafi, wani lokaci har azahar.

Wani dattijo mai gyaran kwamfuta daga Birnin Kebbi, ana ce masa Bature, shi ya zo gyara wata rana ya ga littattafan nan tara, ya yi dariya har da tari. Kafin ya tafi ya sa masa wata 'yar ƙaramar manhaja. Aikinta ɗaya ne tak: ta bi ma'ajiyar kwamfuta ta tattara sunan kowane fayil, ta riƙe a jeri. Kana danna harafi jerin na raguwa, kafin ka gama kalma abin da kake nema ya tsaya a gabanka. Ba ta buɗe takarda, ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta gane fuska a hoto. Muttaka ya gwada ta da sunan matarsa, ya gwada da na garinsu, sannan ya raɗa mata suna ita ma. Ya ce wannan ai Sanƙira ne, mai kiran sunayen mutane a wurin ɗaurin aure.

Da yawa suna da irin wannan manhaja a yau, kuma ba ta tsinana musu komai. Ka shiga shagon yaran zamani ka ce a nemo maka takardar bara, su danna su danna, su ce Baba babu. Yaya za a yi ta kasance akwai, alhali sunanta "hoto 0047"? Ni ma ban tsira ba. Da na fara kawo rubuce-rubucena a filash, Muttaka ya duba sunayen ya cire tabarau.

"Malam Idi, mi ak wanga? Sabo. Sabo na biyu. Na ƙarshe. Na ƙarshe na gaskiya."

Na ce ai ni na gane su.

"Kai da kaka koya ma ɗiyan mutane Hausa? Ko ɗanka ba ka raɗa mai Sabo na Biyu. Sanƙira ba shi karatu, suna ɗai yas sani. Ka ba shi suna na kirki, shi kawo ma mutum ko shekara ashirin yay yi kwance. Ka ba shi shirme, shi kawo ma shirme."

Nasa sunayen dogaye ne har ba sa shiga layi ɗaya. Yakan sa abin da takardar take, da mai ita, da garinsu, sannan ya ƙara abu na huɗu wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba: maganar da mai takardar ya yi ranar da ya kawo ta. Ya ce mutum ba ya dawowa da kwanan wata a bakinsa, abin da ya same shi ranar shi yake dawowa da shi. Da idona na ga Mudi, wani manomi daga Jandutsi, ya shigo bayan shekara bakwai yana neman takardar kafa ƙungiyarsu. Bai tuna shekara ba, sunan ƙungiyar ma sau biyu suka canza. Abin da ya iya cewa kawai, "Wagga da nik kawo ranad da akuya tac cinye ta hwarko." Muttaka ya danna haruffa uku, takarda ta fito. Na leƙa na ga sunan yadda Mudi ya faɗa, harafi da harafi. Na yi ta mita cewa wannan ba daidaitacciyar Hausa ba ce, ya ce to in je in koya wa akuyar.

Malam Sharif na Maiyama kuwa ba neman komai ya zo yi ba. Ruwan sama ya rushe soron da yake ajiye rubutun hannun mahaifinsa, wasiƙu da addu'o'i cikin ajami, ya biyo ta shagon don ya sami wanda zai gaya wa. Ya ma manta cewa shekaru da suka wuce ya taɓa kawo su an ɗauki hotonsu. Yana cikin magana ya ambaci jan tawadar da tsohon yake yi wa wasali. Muttaka ya juya ya rubuta "jan tawada". Shafi arba'in da uku suka jeru. Malam Sharif ya zauna a ƙasa, a kan simintin, ya daɗe bai tashi ba.

Akwai kuma abin da Sanƙira ba zai taɓa sani ba game da mu, wato ba kowane suna baki ke iya faɗa ba. Mace ta zo a buga wa mijinta takarda, a tambaye ta sunansa, ta dubi ƙasa ta ce mai gidanmu. Uwa ta zo da takardar ɗanta na fari, ta ce wancan yaron. Na sha ganin ma'aikata a ofis suna daka wa tsofaffi tsawa a kan wannan, kamar kunya laifi ce. Muttaka bai taɓa matsa wa kowa ba. Ko ya tambayi ɗan rakiya, ko ya riƙa jero sunaye a hankali har ta gyaɗa kai. Sannan ya rubuta duka biyu a jikin fayil, sunan takarda da sunan baki, domin in ta dawo ta nemi abinta ba tare da ta karya al'adarta ba.

Kai ne, Muttaka, ka fahimci cewa ajiya ba ta cika ajiya ba sai mai ita zai iya tambayarta. Kai ne ka zauna shekara da shekaru kana sauraron yadda talakawa ke kiran abinsu, kana rubutawa, mu masu digiri muna yi maka dariya. Ban san wani a ƙasar Jega da ya riƙe amanar mutane da yawa haka ba tare da an ce masa riƙe ba.

Abin da ya sa na ce lalle sai na rubuta ya faru ne wata biyu da suka wuce.

Akwai wata ɗalibata a ajin ƙarshe, Amira, daga wata ruga kusa da Sabiyal. Yarinya ce mai ƙoƙari, rubutunta na Hausa ya fi na wasu malamai tsabta, kuma ina alfahari da cewa ni na gyara shi. Na ba su aikin rubutu a kan "Mahaifina", ta kawo mini farar takarda. Da na tsare ta sai ta ce ba ta san fuskarsa ba. Ya tafi cirani kudu bayan girbin 2007, ita tana cikin uwarta. Bai dawo ba. Bayan shekara aka tabbatar ya rasu a hatsarin mota. Uwarta ta sake aure a Maiyama, ita kuma ta tashi a hannun kakarta Gudiya, wadda ta haife shi. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya. Lokacin da ake cigiyarsa an kawo hoton Jega wurin wani mai buga takarda, daga baya hoton ya ɓace a hannun masu nema, takardun cigiyar kuma ruwa ya wanke su a bango. Uwarta ce ta gaya mata wannan kwanan nan.

Mai buga takarda a Jega a wancan lokaci, mai injin ɗaukar hoton takarda, ai mutum ɗaya ne. Ranar Asabar na ɗauko ta muka zo.

Muttaka ya saurara har ta gama. Ya ce takardar cigiyar kam babu, domin a lokacin guda ɗaya yake da ita, yana goge sunan wani ya sa na wani. Amma hoton, in ya ɗauka, yana nan. Ya buɗe durowa ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarsa ne, duk aikin shekarun farko yana ciki. Ya ce Bature ya duba shi bara ya gargaɗe shi: faifan ya tsufa, yana ƙara in an kunna, watakila ya tashi sau ɗaya ko sau biyu, na 'yan mintoci, daga nan shi ke nan. Hotuna dubu arba'in ne a ciki. Ba yadda za a yi a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sa'ar da aka yi, Sanƙira yana riƙe da jerin sunayen ko faifan ba ya haɗe. Sai an gano sunan tukuna, a kunna, a kwafo shi shi kaɗai.

"Mi as sunan babanki, ɗiyata?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya'ƙub."

Idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa, don haka ya tashi ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya a bayanta yana faɗa tana dannawa. Aka rubuta Ya'ƙub da ƙa mai lanƙwasa, aka rubuta da ka, aka rubuta Yakubu, aka rubuta Ya'u. Ya nuna mata yadda ake sa alamar tauraro a tsakiyar kalma don ta tsaya a madadin duk harafin da ake shakka. Sunaye ɗari uku da wani abu suka fito, ta karanta masa su duka. Ya'ƙub na Gehuru, Yakubu direba, Ya'u mai shayi. Ba na Sabiyal, ba na shekarar. Aka gwada Sabiyal, aka gwada cigiya, aka gwada cirani, aka gwada Gudiya. Har ya ce ta rubuta "baban Annabi Yusuhu", domin haka wasu mata ke zagaye sunan. Biyu suka fito, duk ba shi ba.

La'asar ta yi. Na ga yarinyar ta fara haɗiye kuka, ni kuma na fara jin haushin kaina da na ɗaga mata rai a banza. Muttaka ya zauna a kan buhun takarda ya riƙe goshi.

"Lokacin ban hwara sa suna biyu ba," in ji shi. "Abin da anka hwaɗa man ɗai nika sawa. Wa yak kawo hoton?"

"Inna ta," in ji Amira. Kakarta take nufi.

"To ba mu da abin yi sai Inna ta zo."

Amira ta ce ai Inna ba ta taɓa yin maganarsa ba. Ɗanta ne na fari. Ko yana da rai ba ta kiran sunansa, bare yanzu. In zance ya biyo ta kansa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Muttaka ya ce ba sunansa zai tambaye ta ba.

Sati biyu aka yi ana lallashi kafin Gudiya ta yarda ta hau mota. Tsohuwa ce siririya, doguwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga sai da aka shimfiɗa mata tabarma a gefe. Muttaka ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatancin da ya tsinta a bakin masu kawo masa aiki, ta amsa da Hausa, alamar kada ya wahalar da kansa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, shanu, damina, jikoki. Ni duk na ƙagu.

"Inna, kin taɓa zuwa nan dauri."

"Na zo. Akwai icce bakin ƙohwa."

"An sare shi. Inna, ranar da kinka zo, na tambaye ki wa yab ɓace. Mi kinka ce man?"

"Ni ban hwaɗi sunan kowa ba."

"Na sani. Ba suna nika biɗa ba. Abin da kinka ce."

Mai facin taya yana ta buga ƙarfe a waje. Gudiya ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen bango, ta yi magana da bangon.

"Da sahe yat tashi. Na dama mai, yac ce mota na jira, in aje mai shi dawo. Ni ban da wani abin da nika ce mai tun ran nan. Wanda yab bar huratai."

Wanda ya bar furarsa ke nan. Amira ba ta taɓa jin wannan ba. Ta juya ta danna. Na ga abin da ta rubuta, kuma daidai ta rubuta, yadda na koya mata: fura. Jerin ya ragu, ya ragu, ya tsaya a kan guda shida, katin wata mai fura da nono da takardun wata ƙungiyar mata. Ta karanta su.

"Babu, Baba."

Gudiya ta fara naɗe tabarma da ƙafa. Muttaka ya ce, "Tsaya. Karanta man abin da kinka rubuta. Baƙi baƙi."

"Fa, u, ra, a."

Ya juyo ya dube ni da idon nan nasa mai yana, kuma ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar. Shekara shida ina bin littafin yarinyar nan da jan biro, duk inda ta rubuta hura in kashe in sa fura.

"Malam Idi ya ɓata ki," in ji shi. "Inna ba ta ce fura ba. Goge ki sa ha."

Ta goge. Tana danna harafi na huɗu layi ɗaya ya tsaya a sama, ba gari, ba shekara, ba sunan kowa: wanda yab bar huratai.

Hamida ta kwance tsumman ta haɗa faifan. Ya yi ƙara, ƙat, ƙat, ya yi shiru, ya sake. Muttaka yana ta salati a hankali. Ya ce kada a buɗe komai, kada a duba komai, a jawo wannan ɗin kaɗai. Hamida ta jawo. Bai fi minti biyu da gamawa ba faifan ya yi wata 'yar ƙara ya tsaya, kuma har yau bai sake tashi ba. Abin da ya rage a cikinsa na shekarun farko ya tafi, kuma Muttaka ya san haka zai iya faruwa tun kafin a kunna. Ban ji ya ambaci wannan ko sau ɗaya ba.

Saurayi ne a hoton, da malafa a hannu, ya ɗaure fuska irin ta wanda bai saba da mai hoto ba, amma leɓensa ya ɗan buɗe. Amira ta kafa masa ido. Muttaka ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ja da baya ya ce ba ya gani, ta faɗa masa. Ta ce dogo ne. Ta ce yana da wushirya. Sai ta kai yatsa ta taɓa nata haƙoran, daga nan ba ta iya ci gaba ba.

Aka buga hoton a takarda mai kauri, kwafi biyu. Amira ta kai wa kakarta ta ce, "Inna, ki duba mana." Gudiya ta ce, "Na san shi." Ta karɓa ba tare da ta kalla ba, ta kife shi, ta sa cikin zane a ƙirjinta. Ga maza biyu a wurin, ba za ta dubi ɗan fari a gabanmu ba ko bayan shekara goma sha takwas. Da suka tashi tafiya Muttaka ya ce zai ƙara sunan gaskiya a jikin fayil don na baya su same shi da sauƙi. Gudiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ƙara. Amma kak ka hidda nawa."

To, Malam Muttaka, na gode. Na gode a madadin Mudi da Malam Sharif da duk matan da suka shiga shagonka suka fita ba a sa su faɗin abin da ba sa faɗa ba. Na gode da ka koya mini, da furfurata, cewa jan birona ba ko'ina yake da aiki ba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa hutun nan ya zame maka hutu, ya ba Hamida haƙurin sauraro irin naka. Ku kuma da ke zaune gaban kwamfuta a shaguna da makarantu da asibitoci, kuna riƙe da takardun mutane, manhajar nan kyauta ce, kowa na iya sa ta. Abin da ya rage naku ne. Kafin ku adana abin wani, ku ɗaga kai ku dube shi, ku ji yadda yake kiran abinsa, ku rubuta haka, ko da malamin Hausa zai yi mita.

Akwai abin da ban gaya maka ba, na bar shi sai nan don Hamida ta karanta maka. Ranar Litinin Amira ta same ni a makaranta. Ta ce washegarin dawowarsu da safe kakarta ta shiga ɗaki ta sauko da wata 'yar ƙwarya daga rataye, wadda tun tasowarta take ganinta a can ba a taɓa ta, an ma hana ta tambaya. Tsohuwar ta wanke ta, ta dama fura a ciki da hannunta, ta zuba nono. Ta jingina hoton a jikin bango, wannan karon fuskarsa a waje. Sannan ta miƙa wa Amira ƙwaryar ta ce, "Amshi. Ta babanki ta. Shanye mai."

Ta ce ta shanye, ba ta rage ko kaɗan ba.